Sau biyu ina sayen fom ban samu ba, yanzu kuɗin adashin Inna ne a hannuna

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karatu ban taɓa tofa komai ba, yau dai abin ya kai min wuya.

A Aboabo nake, cikin Kumasi a Ghana, ina taya kawuna tsaron shagon kayan mota a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota. Babanmu ya rasu ina aji biyu a sakandare, tun daga nan Inna ce ta riƙe mu, mu biyar, da sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Ƙarfe uku na dare take tashi ta hura wuta, ta zuba karan dafi da kanwa a tukunya, kafin a kira asuba ta gama miya da shito. Bara hawan jini ya kwantar da ita kwana tara, likita ya ce ta rage zama gaban murhu. Ba ta rage ba, don ba wanda zai ciyar da gidan. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ɗauki adashinta, ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zani ta ƙirga min sidi 2,000, har da 'yan biyar-biyar masu maiƙo, ta ce in je in nemi aikin kaki. Wallahi na kasa ɗaga kai in dube ta.

Sau biyu ina sayen fom ɗin neman aikin kaki. Na farko a wajen duba takardu aka mayar da ni. Na biyu na kai ga jarrabawa, lokaci ya ƙare ina da sauran tambayoyi da yawa. Aikin shige da fice nake so, kuma ina so kafin a sake buɗewa in kasance a shirye. Akwai wani aji na yamma a Asawase, sidi 600 wata uku. Akwai masu cewa in sake zama Nov/Dec, wato jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu. Sannan kawu ya san wani mutum da ya ce da 8,000 zai sa sunana, a ba da wani abu yanzu, sauran in suna ya fito. Wanne zan bi? Ba na iya barci.

Baba Tsohon Kaki:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ba mahaifiyarka lafiya. Ka ba mu labarin murhu kaf, abin da ake bukata kuma ka tsallake shi. Me ya sa aka mayar da kai a wajen takardu? Me ka ci a Turanci da lissafi a WASSCE? Shekararka nawa? Ka amsa waɗannan tukuna. Mutumin 8,000 kuwa ka goge lambarsa yau ɗin nan.

Maman Hafsa:
Allah sarki. Na san wannan ciwon. 'Yata ta gama makarantar jinya, ta yi hidimar ƙasa, ta karɓi lambar aikinta, shekara ta uku ke nan tana gida tana jira a tura ta. Na sayar da filin da na gada a Tafo don karatun nan. Yanzu kunun aya take ɗaurawa a leda tana ba yara su zaga da shi. Kullum sai a ce a jira izinin kuɗi. Ni dai na gaji da jin wannan kalmar.

Ɗan Aboabo:
Baba, sunan mahaifina ne. A takardar WASSCE an rubuta Issah, a Ghana Card kuma Isa. Amma wannan ba laifina ba ne, malamin firamare ne ya rubuta haka. Turanci C5 na samu, lissafi D7. Sauran duka sun yi kyau.

Baba Tsohon Kaki:
To ga ciwon nan ya fito fili. Ba wanda zai tambaye ka laifin wa, takarda biyu za a aza a kan tebur, in harafi ɗaya ya saɓa a ce na gaba ya matso. Ka je ka yi takardar rantsuwa a gaban mai rantsarwa na kotu cewa Issah da Isa mutum ɗaya ne, sannan ka sa a buga a gazet, jaridar sanarwar gwamnati, Ghana Publishing Company ce ke fitar da ita. Ka duba takardar haihuwarka ma, rana da wata da shekara su zo daidai da na kati. Wannan shi ne aikin farko, kuma ba a yinsa ranar da aka buɗe fom.

Batun jarrabawa kuwa ba ka bukatar aji. Turanci ne, da lissafi, da tambayoyin kaifin basira, da sanin ƙasa. Lissafin bai wuce na JHS, wato ƙaramar sakandare, da farkon babbar sakandare ba: kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, rabo, gudun mota da nisa. Kai da kake ƙirga ribar kayan mota kullum me zai gagare ka? Lokaci ne ya kayar da kai. Ka samo tsofaffin tambayoyi, ka aje agogo a gabanka, tambaya 40 a minti 30, kullum bayan sallar asuba. Wadda ta tsaya maka ka wuce ta, ka dawo in lokaci ya rage.

Ka haddace yankuna 16 da manyan biranensu, musamman shidan da aka ƙara bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 2018: Oti na da Dambai, Savannah Damongo, North East Nalerigu, Ahafo Goaso, Bono East Techiman, Western North Sefwi Wiawso. Ka san 6 ga Maris 1957 ranar 'yancin kai, ka san 1 ga Yuli 1960 ranar zama jamhuriya, ka san tsarin mulkin 1992. Tunda shige da fice kake so, ka san Aflao tana bakin Togo, Elubo bakin Kwaddibuwa, Paga bakin Burkina Faso, kuma a Assin Fosu ake horo. Ka riƙa sauraren labarai. Na horar da yara da yawa a kan tabarmar ƙofar gidana, ban karɓi ko fesuwa ɗaya ba.

Ticha Yusif:
Baba, ku yi haƙuri, akwai inda na saɓa muku. Gazet ba za ta mayar da D7 ta koma C6 ba. Daga A1 zuwa C6 ne kiredit, kuma sau da yawa sanarwar tana neman kiredit a Turanci da lissafi. In haka ta zo, tun a intanet za a tsayar da shi, ba zai ma ga filin tantancewa ba. Ni a ganina Nov/Dec ce gaba da komai. Ya yi rajistar lissafi kaɗai a wajen WAEC, ya zauna wata shida ya ci shi da kyau. Karatun da zai yi wa wannan shi ne dai zai amfane shi a jarrabawar ɗaukar aikin, kuma takardar ta zama tasa har abada, ko makarantar malanta ya so shiga.

Sannan zamanin takarda da biro yana wucewa. Zagayen da aka buɗe a 2025 na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da gandirebobi da shige da fice a shafi ɗaya aka haɗa shi, jarrabawar kuma ta intanet. Wanda bai saba da kwamfuta ba zai ɓata minti goma yana neman inda zai danna.

Baba Tsohon Kaki:
Malam Yusif, da D7 ɗin ya kai ga jarrabawa a karo na biyu, ko ba ka karanta ba? Kowace sanarwa da nata sharaɗin. Ba a kashe kuɗin uwar marayu a kan zato.

Ticha Yusif:
Bai faɗa mana wace hukuma ce ta biyun ba, Baba.

Ɗan Alabar:
Ɗan'uwa, ni gaskiya zan gaya maka ko ba daɗi. A farkon 2018 mutum sama da 84,000 suka nemi gurbi 500 a shige da fice, fom ɗin sidi 50 a lokacin. A 2021 ya koma 100. Ka yi wannan lissafin, ya fi na jarrabawa amfani. Ni sau huɗu na saya. Na taɓa kwana a bakin fili tun ƙarfe biyu na dare da farar riga da ambulan a hannu, rana ta gasa mu har la'asar, aka auna tsayina aka ce na cika sharaɗi, daga nan shiru har yau. Da na haƙura na kafa tebur a kasuwar Kejetia da caja da murfin waya, yanzu yara biyu ke ci a ƙarƙashina. 2,000 jari ne. Kana cikin Magazine kana neman aiki, mutane daga Tamale da Bawku suke zuwa neman abin da kake zaune a kai.

Ɗan Aboabo:
Yaya, shagon ba nawa ba ne, kawu yana da 'ya'ya maza uku suna tasowa. Abin da yake ba ni na abinci ne da kuɗin pragya, wato keke mai ƙafa uku. Kuma Inna ba don tebur ta ba ni kuɗin nan ba. Albashi take so ta ga ina ɗauka ƙarshen wata, da fansho, ko da ta kwanta ciwo a san inda za a dafa. Cikin 500 ɗin nan ai mutane ne suka shiga.

Rabi Sawaba:
Ni fa kada mu yaudari yaron nan. Ɗan maƙwabciyarmu ko jarida ba ya iya karantawa da kyau, yanzu yana cikin kaki. Kowa a layinmu ya san furotokol ne, wato da hannun manya aka sa shi. In kawunsa ya san mutumin ido da ido, ya san gidansa, me zai hana a gwada? Balle yanzu ɗan majalisarmu na Asawase, Muntaka, shi ne ministan cikin gida. In 'yan zango ba su shiga yanzu ba sai yaushe?

Baba Tsohon Kaki:
Rabi, irin wannan maganar ce 'yan damfara suke ci da ita. Sun san zango ya sa rai, sai kowane ɗan iska ya ce shi yaron manya ne. Minista na ƙasa ne baki ɗaya, kuma hukumomin nan a kowace sanarwa suna faɗa cewa ba su da dillali. Wanda ya bayar ma laifi ya yi, shi ya sa in an cinye kuɗin ba ya iya kai ƙara da ƙarfin zuciya.

Mubarak Tafo:
Ni aka yi wa. Sidi 5,500 ta momo, wato tura kuɗi ta waya, kashi uku. Har takarda ya turo min a WhatsApp mai tambari da ranar zuwa horo. Na aske kai, na sayi akwatin ƙarfe da bokiti da farar kambas, an yi min addu'a a masallacin unguwa. Saura kwana biyu lambar ta daina shiga. Wanda ya haɗa mu surukin yayata ne, shi ma cewa ya yi cutarsa aka yi. Shekara biyu ke nan gidajen ba sa gaisawa. Akwatin yana nan ƙarƙashin gado, ba na son ganinsa.

Ɗan Aboabo:
Allah ya mayar maka da alheri. Amma wannan ba a waya muka san shi ba, yana zuwa shago, kawu ya san shi shekara goma. Ban ce zan ba shi ba. Ticha, Nov/Dec ɗin nake tsoro, in na jira sakamako aka buɗe fom a tsakani fa? Shekaru kuma suna tafiya.

Ticha Yusif:
Shi ya sa Baba ya tambayi shekarunka, har yanzu ba ka faɗa ba. Wani abu kuma: ana ɗaukar masu sana'ar hannu, direbobi da makanikai da masu aikin lantarki. In ka iya gyara, takardar NVTI, cibiyar koyar da sana'o'i ta ƙasa, za ta buɗe maka wata ƙofar da layinta bai kai wancan tsawo ba.

Ɗan Aboabo:
Ni ba makaniki ba ne, sayarwa kawai nake yi. Kuma ba gareji nake so in koma a cikin kaki ba.

Maman Hafsa:
Ni tun abin da ya faru a filin El-Wak na Accra a Nuwamban 2025, da turmutsutsu ya kashe mutum shida wajen ɗaukar soja, na hana ƙanin Hafsa sayen kowane fom. 'Ya'yan mutane sun fita neman abinci aka dawo da gawa. In za ka je fili, don Allah kada ka tsaya bakin ƙofa.

Baba Tsohon Kaki:
Allah ya jiƙansu. Ɗana, na faɗa maka tsari: takardar rantsuwa da gazet, tsofaffin tambayoyi, gudu da safe daga Aboabo zuwa filin Baba Yara ka dawo, sauran kuɗin ka mayar wa mahaifiyarka ta sayi magani. Ka zo gida ranar Asabar bayan la'asar da takardunka duka in gani da idona.

Ɗan Aboabo:
Na gode Baba, na gode kowa. Mayar da kuɗin ba zai yiwu ba, ranta zai ɓaci, za ta ga kamar na sare. Ajin Asawase na riga na ba da 200 tun jiya don kada gurbi ya cika, ban faɗa ba ne da farko. Asabar kuma kawu ya ce mutumin zai zo shago, zan zauna in ji ta bakinsa kawai. In na samu sarari zan biyo.

Rabi Sawaba:
In ya zo ka tambaye shi ko yana yi wa mata. Ƙanwata ta gama bara.

Ticha Yusif:
Ɗan Aboabo, shekararka nawa?