Idan Mafarauci Ya Harbi Mutum Bisa Kuskure a Amurka

A wata tattaunawa kan hukuncin mafaraucin da ya harbi mutum bisa kuskure, abin da ya fi fitowa fili shi ne, cewa "ban yi niyya ba" ba ya wanke mutum. Kowace jiha da dokarta, amma kotu sakaci take dubawa: ka tabbatar da abin da ka auna kafin ka harba? Idan motsin ganye kawai ka gani ka saki harsashi mutum ya mutu, ana iya tuhumarka da kisan kai ba da gangan ba. Sai dai a jihar Maine, a 1988, wani mafarauci ya kashe wata mata a bayan gidanta, kotu ta sallame shi, abin da har yau yake min ciwo. Daga baya jihar ta tsaurara dokar tantance abin harbi.

An kuma tuna Dick Cheney, wanda ya harbi abokin farautarsa a Texas a 2006 lokacin yana mataimakin shugaban Amurka, ba a gurfanar da shi ba.

Shawarar da kowa ya amince da ita: kada ka gudu. Taimaki wanda ya ji rauni, kira lambar gaggawa ta 911, sannan ka nemi lauya kafin ka ba da dogon bayani. Iyalan mamaci kuma suna iya neman diyya daban.