Filin haƙar gas a dutsen shel kusa da gidaje: da me za a fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Idan kamfani ya samu izinin kafa filin rijiyoyin gas na dutsen shel (wani dutse mai falle-falle da gas ke maƙale a cikinsa) kusa da inda mutane ke zaune, me ya kamata al'umma ta fara sa wa ido? Kowa yana maganar fasa dutse a can ƙarƙashin ƙasa, amma ni kayan da ke bisa ƙasa suka dame ni: tankuna, injuna, manyan motoci. Masana a taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda ke ciwo. Yawancin ɓarnar daga sama take faruwa, kuma ruwa ne tushenta. Rijiyar gas ɗaya tana iya shan ruwa lita miliyan 10 zuwa 20, har fiye, wajen fasa dutsen. Idan tanka mai lita 20,000 ce ke jigila, lita miliyan 15 sawu 750 ke nan, ban da yashi da kayan aiki. Shi ya sa a nemi a shimfiɗa bututun ruwa na wucin gadi maimakon motoci.

Ruwan da ke dawowa daga rijiya ya fi haɗari. Gishirinsa a yankin Marselas na jihar Fensilbaniya ta Amurka yakan ninka na teku sau da yawa, ga sinadaran radiyom da buromaid masu gurɓata ruwa. A 2011 hukumar kare muhalli ta jihar ta nemi kamfanoni su daina kai shi matatun ruwan gari, domin matatun ba sa cire gishirin, sai dai ya zarce kogi. Kada a yarda da buɗaɗɗen kududdufi. A zuba shi a rufaffun tankunan ƙarfe, a shimfiɗa roba mai kauri ƙarƙashin filin, a kewaye tankunan da ganuwar da za ta ɗauki kashi 110 cikin 100 na babban tanki. A lura da bakin tiyo inda ake yi wa tanka lodi: nan ake yawan samun ɗiga, sai kuma wajen haɗin robar, idan tayar babbar mota ta yaga ta.

Kafin a haƙa ko taku ɗaya, a ɗebi ruwan kowace rijiyar ruwan sha da ke kusa a kai ɗakin gwaji mai zaman kansa, a auna iskar gas ta metan, gishiri da sinadarin bariyom. In ba a yi ba, ranar da ruwa ya canja launi ba wanda zai iya nuna yadda yake a da. Dokar Fensilbaniya ta 2012 tana ɗora wa kamfani alhakin gurɓatar da ta bayyana cikin ƙafa 2,500 daga rijiyar gas a watanni 12 bayan aikin, sai in ya kawo hujjar wanke kansa.

Amsa ta biyu:
Na yarda da amsa ta farko, amma kada a manta da kwamfuresa, injin da ke matse gas ya tura shi cikin bututu. Haƙa na 'yan makonni ne ko watanni; ita kuwa tana ruri dare da rana shekara da shekaru. A fili, ƙara tana raguwa da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin ƙara) duk lokacin da aka ninka nisa, don haka tazara ce maganin farko. Fensilbaniya ta sa ƙafa 500 tsakanin rijiyar gas da gini, jihar Kolorado kuma ta kai tata ƙafa 2,000 a 2020. A ganina 500 ta yi kaɗan. A sa injin cikin rufaffen gini mai shanye ƙara, a yi amfani da inji mai aiki da lantarki in da hali, fitilu kuma a sunkuyar da su ƙasa.

Mai tambaya:
Na gode. To warin da ake kuka da shi fa?

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, sau da yawa murfin saman tanki ne bai zauna daidai ba, ko robarsa ta bushe ta tsage. Ido ba ya ganin wannan yoyo, sai kyamarar infrared (mai kama hasken da ido ba ya gani), wadda ke nuna shi kamar baƙin hayaƙi. A rubuta cikin yarjejeniya cewa za a zagaya da ita duk wata uku, a gyara cikin kwanakin da aka ƙayyade, a nuna wa al'umma sakamakon. A sa na'urar kama tururin tanki, gas ɗin farko da ke fitowa da ruwa kuma a raba shi a tura bututu, kada a sake shi ko a ƙone.

Hanya ma a ɗauki hotonta kafin motoci su fara bi, kamfani ya ajiye kuɗin jinginar gyara, a hana jigila lokacin zuwa da tashin makaranta. Haka kuɗin toshe rijiya da siminti da mayar da ƙasar noma: a karɓa tun farko, domin kamfani na iya karyewa kafin gas ya ƙare.