Taƙaitawa kan wuridi, halwa da neman buɗi

An tattauna ne kan jan wuridi, shiga halwa (keɓewa a ɗaki don zikiri) da neman buɗi (hasken zuciya da masu ɗariƙa ke fatan samu). Inda bakin masu tattaunawar ya zo ɗaya:

1. Farilla ce gaba. Wanda sallar asuba ke kuɓuce wa bai kai ga zancen halwa ba.

2. A fara da kaɗan, a ɗore. An kawo lazimin Tijjaniyya misali: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, da izinin muƙaddami, wato mai ba da wuridi a ɗariƙa. Ismin (sunan da ake maimaitawa a wuridi) da aka tsinta a Facebook ba a jansa dubbai.

3. A kan halwa aka fi jan kunne, kuma da gaskiya. Mutum ya kulle ɗaki, carbi a hannu, daga dabino sai ruwa, barci ya ƙaura. Kwana uku ya fara jin muryoyi, ya ce buɗi ne, alhali sau da yawa yunwa da rashin barci ne. Surutai na farawa a buɗe ƙofa, a ciyar da shi, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Mai ciwon suga ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali kada ya shiga.

Inda aka rabu: wasu sun ce halwa ƙarƙashin shehi na da amfani, wasu suka ce azkar na safe da maraice sun wadatar.