RISC-V: inda baki ya zo ɗaya da inda aka rabu

RISC-V tsari ne na umarnin da guntun sarrafa na'ura (processor) ke fahimta. Ga abin da na tsinto daga wata muhawara da aka yi kan amfaninsa:

1. An yarda cewa tsarin umarnin, wanda aka faro a jami'ar California da ke Berkeley, Amurka, a 2010, ba a biya masa kuɗin lasisi, saɓanin tsarin kamfanin ARM da ake biya wa. Sai dai zana guntun da ƙera shi na cin kuɗi.

2. A ƙananan na'urori ya samu gindin zama, kamar ƙaramin guntun da ake kira ESP32-C3.

3. Kan waya da kwamfuta aka yi ja-in-ja. Wasu sun ce manhajoji ba su kankama ba, kuma idan kowane kamfani ya ƙara nasa umarnin, kan zai rabu. Wasu suka ce ƙa'idar RVA23 ta 2024, wadda ta fayyace umarnin da dole guntun da ke bin ta ya ƙunsa, ta toshe wannan ɓaraka. Ni dai ina ganin da sauran aiki.