Lambobin MCP3008 suna sauka da zarar famfo ya tashi: a ina matsalar take?

Ɗan Adar, Tahoua:

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina neman shawararku a kan wani aiki da na sa a gaba tun farkon rani. Kawuna yana da garkar albasa a bayan gari, da rijiya, da ƙaramin famfo mai aiki da batirin volt 12 wanda farantan hasken rana suke cikawa. Sau biyu ke nan famfon yana ƙonewa, domin ruwan rijiyar yakan ja baya da rana, famfon ya yi ta juyawa a bushe ba tare da kowa ya lura ba. Shi ya sa na ɗauri niyyar haɗa masa wata na'ura da za ta riƙa auna ƙarfin batirin da yawan ruwan da ya rage, ta kashe famfon kafin ɓarna ta auku.

Abin da nake da shi a hannu shi ne Raspberry Pi, wato ƙaramin allon kwamfuta, wanda, kamar yadda kuka sani, ba shi da ƙafar da ke karanta siginar analog ko ɗaya. Saboda haka na samo MCP3008, mai juya ƙarfin wuta zuwa lamba, wato abin da muke kira CAN a makaranta, na haɗa shi ta hanyar SPI, tsarin musayar bayanai ta wayoyi huɗu: ƙafarsa ta 13 zuwa ta 23 a jikin Pi, ta 12 zuwa ta 21, ta 11 zuwa ta 19, ta 10 kuma zuwa ta 24. Ƙafa ta 16 da ta 15 na ba su volt 3.3 daga Pi ɗin. Domin rage ƙarfin batirin ya dace da abin da guntun MCP3008 ɗin zai iya ɗauka, na jera rezistans biyu, mai kilo'om 39 a sama da mai kilo'om 10 a ƙasa, na ɗauki tsakiyarsu zuwa tasha ta farko, wato ƙafar guntun ta farko mai karɓar wutar da za a auna.

A kan teburina komai ya yi daidai. Multimetir yana nuna volt 12.6, guntun yana ba ni lamba 798, lissafi kuma ya fito daidai. Amma a garkar, da zarar famfo ya tashi, sai multimetir ya nuna 12.4 a bakin batirin, ni kuwa lambar tawa ta faɗo wajen 748, wato kimanin volt 11.8, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana ta rawa sama da ƙasa. Na sake rubuta tsarin karatun har sau uku, ban ga canji ba. Tambayata biyu ce. Shin in ba wa guntun volt 5 maimakon 3.3 ko zai fi tsayuwa? Ko kuwa bit 10 ɗin da guntun yake ba da lamba da su ne suka yi kaɗan, in yi sautun wani guntun awo, ADS1115 mai bit 16, daga Yamai? Na riga na sayi ma'aunin zurfin ruwa mai ba da miliamfa 4 zuwa 20, mai auna har mita 5, amma ban haɗa shi ba tukuna sai na warware wannan.

Tsohon Malamin Lantarki, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa aikinka albarka, domin hidimar da ake yi wa manomi hidimar gari ce baki ɗaya. Kafin komai, ka janye hannunka daga maganar volt 5. Idan ka ciyar da MCP3008 da volt 5, ƙafarsa ta 12 za ta riƙa mayar wa Pi amsa da volt 5, alhali ƙafafun Pi ba sa jure abin da ya wuce 3.3, kuma ƙafar da ta ƙone a jikin mikurofurosesa ba ta gyaruwa. Ka bar shi a 3.3 kamar yadda ka yi tun farko.

Yanzu mu koma kan lambobinka, domin su kansu sun riga sun nuna inda za mu duba. Guntun nan bai san volt ba. Abin da ya sani shi ne gwada wutar da ta shigo masa da wadda ka ba shi a ƙafa ta 15, ya raba wannan gida 1024, ya faɗa maka gida nawa ta cika, kuma duk wannan awo daga ƙafa ta 14 yake fara shi, wato mas ɗin ɓangaren analog (mas shi ne layin baƙar waya, wanda ake ɗauka a matsayin volt sifiri). Ka ɗauke shi kamar mai awon hatsi a kasuwa: ƙafa ta 15 ita ce tiyarsa, ƙafa ta 14 kuma ita ce gindin tiyar. Idan tiya ta ƙanƙance, buhu ɗaya zai ba da tiyoyi da yawa fiye da da. Haka nan da a ce volt 3.3 ɗinka ne yake raguwa lokacin da famfo ya tashi, da lambarka hawa za ta yi. Misali in ya sauka zuwa 3.2, volt 12.6 ɗin da ya ba ka 798 zai ba ka kusan 823. To kai sauka ka gani, saboda haka zargina ya fi karkata ga gindin tiyar.

Ga lissafin da na yi. Volt 12.4 ya kamata ya ba ka lamba 785, ka samu 748, bambancin gida 37 ke nan. Kowane gida a wurinka milivolt 3.2 ne da ɗan ɗori, don haka gida 37 sun kai kimanin volt 0.12 a bakin guntun. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1.5 tana da tirjiya kusan mili'om 12 a kowace mita. Idan famfonka yana jan amfa 5, kuma wutar tana komawa batiri ta irin wannan waya mai tsawon mita 2, to tsakanin bakinta biyu za a sami volt 0.12 cif. Ina kyautata zaton rezistans ɗinka na ƙasa a jikin batirin ka ɗaure shi, shi kuwa Pi ka ɗauko masa baƙar waya daga can kusa da famfo, inda ya fi maka sauƙi. A ido duk baƙar waya ɗaya ce, amma idan wuta mai yawa tana bi ta cikinta, wannan baki da wancan ba su zama daidai ba, kuma da yake ka raba ƙarfin batirin gida 4.9, kuskuren ma ninkuwa yake yi sau 4.9 a lissafinka, ya zama kusan volt 0.6.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Ka kunna famfon, ka sa tsinken multimetir ɗaya a kan ƙafa ta 14, ɗayan a kan baƙin kan batirin, ka gaya mana abin da ka gani. Sannan ka auna tsakanin ƙafa ta 15 da ta 14, famfo a kashe da kuma a kunne. In zatona ya tabbata, ka kwance rezistans na ƙasa ka liƙa shi da dalma dab da ƙafa ta 14, ka haɗa ta 14 da ta 9 a nan kusa, ka ja wa na'urarka baƙar waya tata ita kaɗai har zuwa kan batirin, famfo ma ya bi tasa.

Game da rawar da lambar take yi kuwa, wannan daban ne. Injin famfo mai gawayi yana tartsatsi a ciki, tartsatsin yana bin wayoyi. Bayan haka, guntun yana da ɗan kondansater mai fikofarad 20 a cikinsa wanda dole ya cika kafin kowane awo, kuma rezistans ɗinka biyu, da suke bayyana gare shi kamar kilo'om 8, suna cika shi a hankali. Ka sa kondansater mai nanofarad 100 tsakanin tasha ta farko da ƙafa ta 14, wani kuma tsakanin ta 16 da mas, wani tsakanin ta 15 da ta 14, dukkansu da gajerun ƙafafu. A zamanin da nake koyarwa da tsohon guntun awo ADC0804 da mikurofurosesa Intel 8085, sai mun ja wayoyi takwas na bayanai, mu taɓa ƙafar WR don a fara awo, mu jira INTR ya sauka, sannan mu karanta da RD, ɗalibai kuma su kwana suna neman kuskure a cikin waɗannan wayoyi. Sau da yawa wayoyin lafiya lau suke, mas ne ba a ɗaure shi inda ya dace ba. Yau wayoyi huɗu sun wadatar da ku, amma wannan ciwo yana nan yadda na bar shi.

Injiniya Mai Sola, Yamai:

Ina gaishe da Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yarda da bayaninsa game da mas ɗari bisa ɗari, kuma ƙanena, kada ka kashe ko dala kafin ka yi gwajin da ya ce. Da ka sa ADS1115 a wannan haɗi yadda yake, da zai auno maka kuskuren nan na volt 0.12 ne kawai da lambobi masu yawa.

Bit 10 sun ishe ka a aikin rijiya. Idan ka bi da wutar ma'aunin ta cikin rezistans mai om 150, miliamfa 4 zai ba ka volt 0.6, miliamfa 20 kuma volt 3, wato mita 5 na ruwa sun bazu a kan gida 745 ko kusa da haka, kowane gida bai kai milimita 7 ba. Babu famfon da yake buƙatar sanin ruwa fiye da wannan. Wani alherin irin wannan ma'auni shi ne, idan waya ta tsinke a hanya, za ka ga lamba ta faɗi ƙasa da ta miliamfa 4, wajen 186, sai tsarinka ya gane cewa matsala ce ta waya, ya kashe famfon.

Sai dai ina da ƙari a kan maganar tiya. Volt 3.3 na Pi shi ne yake ciyar da wasu sassan allon, ba a yi shi don awo ba, kuma akwatin ƙarfe a rana a Tahoua cikin watan Afrilu ba ɗakin gwaji ba ne. A nan ne ADS1115 ya fi, domin yana da tasa tiyar a ciki. Ana haɗa shi ta I2C da wayoyi biyu, ƙafa ta 3 da ta 5 a jikin Pi, adireshinsa 0x48 idan ka kai ƙafar ADDR zuwa mas, kuma yana iya auna bambanci tsakanin ƙafafunsa biyu kai tsaye, abin da yake rage irin wannan rikici na mas. Ba shi da sauri, iyakarsa awo 860 a daƙiƙa, amma ruwan rijiya ba ya gudu. In wata rana ka koma kansa, ka tuna cewa ko ka zaɓi zangon volt 4.096, ba a yarda wutar da ke shiga ƙafarsa ta wuce wadda kake ciyar da shi da fiye da volt 0.3 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ciyar da ma'aunin zurfin. Mai waya biyu ne, daga wutar da ke bi ta cikinsa yake rayuwa. Idan batiri ya sauka zuwa volt 12 kuma rezistans ya cinye 3, saura 9 ne ya rage masa, wasu kuwa ba sa aiki daidai ƙasa da 12. Ka duba takardarsa da kyau. Na taɓa ganin wanda ya yi ta ba da awon ƙarya duk lokacin da rijiya ta cika, saboda wannan dalili kaɗai.

Ɗan Adar, Tahoua:

Malam, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Yau da hantsi na je garkar na yi yadda ka ce. Tsakanin ƙafa ta 14 da kan batirin na sami volt 0.13 famfo yana aiki, da na kashe shi kuma ya koma kusan sifiri. Da na bi baƙar wayar da hannu, sai na tarar lallai daga mahaɗar famfo na ɗauko ta, kuma a wurin an murɗa wayoyin ne kawai an naɗe da leda, tagullar har ta yi kore. Na kankare, na sa kusoshin matsewa, na ja sabuwar waya zuwa batiri, na liƙa kondansater uku. Yanzu multimetir yana 12.4, lambar tana tsakanin 783 da 786, kuma da na sa tsarin ya riƙa tara awo 32 yana raba su, ta tsaya a 785. Tsakanin ƙafa ta 15 da ta 14 kuma na sami volt 3.29, a kashe da a kunne.

Yaya, na gode da gargaɗinki. Na duba takardar ma'aunin, an rubuta volt 12 zuwa 36, ke nan batirin shi kaɗai ba zai riƙe shi ba. Shin in rage rezistans ɗin zuwa om 100, ko in nemi abin ɗaga wuta?

Injiniya Mai Sola, Yamai:

Rage rezistans ba zai fisshe ka ba, ƙanena, domin ko da om 100 sai ya cinye volt 2 idan ruwa ya cika, saura 10, har yanzu ƙasa da abin da takardar ta nema. Ka nemi ɗan ƙaramin allon da ke ɗaga volt 12 zuwa 24, ka ciyar da ma'aunin da shi kaɗai, tun da abin da yake ja bai wuce miliamfa 20 ba. Ka bar om 150 ɗin, amma ka zaɓi mai kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari, ka ɗaure gindinsa a ƙafa ta 14. Tsakanin kansa da tasha ta biyu ka sa rezistans mai kilo'om ɗaya da kondansater mai nanofarad 100 zuwa mas, sannan ka ƙara diyod daga tashar zuwa volt 3.3, saboda ranar da ruwa zai shiga wayar ya haɗa volt 24 da layin awo. Wayar da za ta tafi rijiya kuma kada ta bi bututu ɗaya da ta famfo. Kafin ka zura ma'aunin, ka jarraba shi a cikin duro: ka sa sanda mai alamar santimita, ka riƙa ƙara ruwa bokiti bokiti kana rubuta lambar da ta fito a kowane tsayi, ka kawo mana ita mu gani.