Hukumar Raya Arewa maso Yamma: shin kuɗin zai iso ƙauye?

Malamin Ƙauye:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan Yulin 2024 ne Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda aka tsara hedikwatarta za ta kasance a Kano, kuma tun daga lokacin nake jin mutane suna murna. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na Zamfara, inda ɗalibaina sama da saba'in suke zaune a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye rabin kwanonsa shekara uku da suka wuce. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna cewa daga cikin 'yan Najeriya miliyan 133 da ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari a Arewa suke. Ina roƙon masana su fahimtar da ni: kuɗi ne ba ya zuwa yankinmu tun farko, ko kuwa yana zuwa ne ya maƙale a hanya? In maƙalewa yake yi, me sabuwar hukuma za ta canza?

Tsohon Ma'aji:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka maka da alheri kan aikin da kake yi. Na yi shekaru a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, don haka zan yi magana kan abin da na sani. Kuɗi yana zuwa. Daga Asusun Tarayya, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60, bayan an cire kashi 13 na kuɗin mai domin jihohi masu arzikin mai. Wajen rabawa tsakanin jihohi ana duba yawan jama'a da faɗin ƙasa, abubuwa biyu da Arewa ba ta da ƙarancinsu, sannan tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kason wata-wata ya ƙaru sosai a lissafin naira, ko da yake hauhawar farashi ta cinye wani ɓangare mai yawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A zamanina, sai kason wata ya faɗa wannan asusu, a zaftare wannan a zaftare wancan da sunan ayyukan haɗin gwiwa, abin da zai iso hannunmu da ƙyar yake biyan albashi, har takardar rubutu a kan bashi muke karɓa daga kanti. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma a ganina aiwatar da wannan hukunci ya fi kusa da rufin ajinka fiye da kowace sabuwar hukuma.

Ɗan Yerwa:
Baba Ma'aji, na yarda da kai, amma kada mu yi saurin raina hukumar. Mu a Arewa maso Gabas muna da tamu, wadda aka kafa da dokar 2017 domin jihohi shida da rikicin Boko Haram ya shafa, kuma akwai ayyukan da ƙaramar hukuma ba za ta iya ɗauka ba komai kuɗinta, kamar sake gina garuruwan da aka ƙona ko hanyar da ta ratsa jihohi biyu. Wanda ya ga yadda ruwa ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ya san yanki na buƙatar babban hannu. Tsorona shi ne darasin Neja-Delta: an kafa tasu hukumar tun 2000, amma binciken ƙwaƙwaf da aka miƙa wa gwamnati a 2021 ya gano ayyuka fiye da 13,000 da ba a kammala su yadda ya kamata ba.

Uwar Marayu:
Malam, batun ajinka ya taɓa min zuciya, domin ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na taɓa aiki a wata ƙaramar asibiti da aka gina da fenti mai kyau da allon ɗan kwangila a bakin ƙofa, amma da fitilar waya muke karɓar haihuwa da dare, saboda ba a ware kuɗin man janareta ba, ungozoma kuma ni kaɗai ce. Masu tsara kasafi sun fi son gini, tunda shi ake yanka wa kyalle a ɗauki hoto, alhali albashin ma'aikaci da magani da gyara su ne ke riƙe wurin.

Game da makarantarka kuwa, akwai kuɗin da aka tanada tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wato kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya da ake bai wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC, sai dai jiha ba ta iya karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi, kuma sau da yawa kuɗin kan yi shekaru a Abuja ba a je an ɗauka ba. Ina ba ka shawara ku haɗa kai da kwamitin kula da makaranta da mai unguwa, ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku tambaya ko makarantarku tana cikin jerin ayyukan bana, ku kuma riƙe kwafin takardar mai ɗauke da hatimin karɓa.

Malamin Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Kwamitinmu zai zauna ranar Juma'a bayan sallah, zan kuma gabatar da batun. Baba Ma'aji, in hali ya yi, ka bayyana min inda ake samun takardar da ke nuna kason da ƙaramar hukumarmu ta karɓa kowane wata, domin in je wa iyayen yara da ita.