Neman shawara: ina sabon mai digiri zai samo shekara biyar ta ƙwarewa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi digirin kimiyyar kwamfuta nan Sakkwato, bara na gama bautar ƙasa. Wata takwas ke nan ina kai takardu. Duk gurbin da ya fito, sai an ce mai shekara uku zuwa biyar a bakin aiki ake so. Sau ɗaya aka kira ni ganawa, wani ofis na neman mai kula da kwamfutocinsu. Wanda muka zauna benci ɗaya ya girmi babban yayana, shekararsa 12 yana aikin. Shi aka ɗauka. Wallahi ban yi masa hassada ba, amma ranar ban runtsa ba. Baba ya fara cewa in dawo shago in taya shi. In haƙura ne, ko in tafi Abuja?

Wani yaya daga Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ma irin mutumin da ka gani ne, kuma hankalinmu ba kwance yake ba. Albashina zai ɗauki irinku biyu, kun kuma fi mu saurin kama sabon abu. Abin da munka fi ku guda ne: ranar da na'ura ta tsaya, kowa ya zuba maka ido, mun taɓa ganin irinta. Wannan ƙwarewar ce mai ɗaukar aiki yake saye. To shagon Baba, ina ake rubuta kaya da bashi? In littafi ne, yi masa manhaja. Bar ta ta yi wata uku tana aiki, a ɗauke wuta ana tsakar ciniki, yaron shago ya shigar da lissafi a karkace, kai ka gyara. Daga nan ka leƙa kantin magani, ka leƙa Islamiyyar unguwarku mai fama da sakamakon ɗalibai.

Wata 'yar'uwa daga Arkilla: Malam, kar adadin shekarun nan ya hana ka nema. Aikin da nake yi shekara uku suka rubuta, ɗaya gare ni. Watannin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi a ma'aikatu, da shekarar bautar ƙasa duk ka lissafa, ka faɗi abin da hannunka ya yi. Ɗora ayyukanka a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu kowa ya gani. Ka kuma riƙa bibiyar shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai koyar da fasahar zamani, da aka fara a 2023, horonsa kyauta ne.

Wani ɗan'uwa daga Gawon Nama: Na yarda da Yaya, sai wuri guda. Ban da shagon Baba, kada ka yi wa kowa kyauta, ko kaɗan ne a biya ka, in ba haka ba ɗan aike za a maishe ka. Abuja kuwa, haya za ta cinye ka tun ba a kira ka ganawa ba. Nemi aikin can kana nan, in ya tabbata ka tashi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya, Baba bai yarda da komai ba sai littafinsa. Ta ina zan ɓullo masa?

Yayan Runjin Sambo: Kar ka taɓa masa littafi. Ku riƙa rubutawa tare, ƙarshen wata ku gwada lissafin bashi.